Attahiru Ya Yi wa Saiwa Ɗaki

A unguwarmu ta bayan tasha, nan Sabon Birni, akwai wata ceɗiya, akwai kuma Attahiru. Ceɗiyar ba ta taɓa damun kowa ba sai bana. Shi kuwa Attahiru tun yana rarrafe yake damun mutane.

Marigayi mahaifinsu ne ya dasa ta a ƙofar gida, ta girma ta baje har inuwarta ta rufe gaban shaguna. A ƙarƙashinta Fatu, yayar Attahiru, take dama fura tun hantsi. A nan dattawa ke shimfiɗa tabarmi, a nan kuma Attahiru ke zama yana ba da labarin ƙasashen da ya zaga. Iyakar tafiyarsa dai Maraɗi ce, bisa babur ta Burkusuma, amma in ka saurare shi sai ka rantse da masu ƙera jirgin sama yake shan shayi. Son itacen nan kam yana yi, wannan ba cika baki ba ne. Yaro ya tsinki ganye ɗaya, sai Attahiru ya raka shi har gaban ubansa.

To, bara ƙungiyar unguwa ta shimfiɗa bulon daɓe, wato intalok, a gaban shagunan, aka kewaye ceɗiya da bulo har wuya. Wuri ya yi kyau, kowa ya yaba. Shekara ba ta zagayo ba saiwa ta fara ɗaga bulo nan da can. Wata Juma'a Mai Unguwa Maliki ya taho cikin babbar riga yana amsa gaisuwa dama da hagu, ƙafarsa ta ci karo da tudu, ya tafi gaba ɗaya. Hula ta yi gabas, sanda ta yi yamma, shi kuma ya ƙare da hannu tsamo-tsamo cikin ƙwaryar nonon Fatu.

Da aka tashe shi bai ko karkaɗe riga ba ya ce, "A sare ta. Gobe in ga gatari nan."

Fatu ta yi tsaye da ludayi a hannu. Sai Attahiru ya miƙe daga kan tabarma, ya gyara wuyan riga.

"Ranka shi daɗe, icce ba shi da laihi. Saiwa iska ta ka nema. Kun toshe mata hanci da bulo, ƙaƙa ba ta ɗagawa? Ko kai anka danne hakanan ai sai ka ɗaga."

"Ni ka ka misali da saiwa?"

"Misali na dai, ranka shi daɗe. A Maraɗi na ga yadda a ka yi. Ƙarƙashin titi a ka yi ma saiwa ɗaki, ga abinci ga iska. Bisa kau mota ta wuce, ita ko a jikinta."

Bawa, wani manomi da ke kwana ƙauyen Kurawa ya yini majalisarmu, ya ce, "Ka tsaya kag gani da idonka?"

"Bisa babur nike. Amma na rage gudu."

Aka fashe da dariya, har Mai Unguwa ya kusa yi ya tuna da nonon da ke hannun rigarsa. Ya ce ya ba Attahiru har damina ta zauna. In bulo guda ya ƙara motsi bayan nan, gatari ne, kuma ba ya son jin roƙo.

Da jama'a suka watse Fatu ta jawo ƙanenta gefe. "Attahiru, iccen Baba na. In ka san ba ka iyawa, mu tai mu ba Mai Unguwa haƙuri tun da sauran dama."

"Yaya, ke dai dama hurarki. Nan gaba kaɗan daga Isa za a riƙa zakkuwa kallo, ki rasa ƙwaryar da za ki zuba ma baƙi."

Abin da ya hango a Maraɗi gaskiya ne. Ma'aikata sukan haƙa, su zuba duwatsu masu girman dunƙulen hannu, su cika tsakaninsu da baƙar ƙasa. Dutse ya ɗauki nauyin titi, saiwa kuma ta bi ta kafofi ta sha iska ta bututu. Matsalar ita ce dutse yana da nauyi, kuma yana da nisa. Attahiru ya zauna ya yi tunani na tsawon shan fura ɗaya, ya gano cewa mutanen Maraɗi wahalar banza suke yi. Kafa ake nema, ko ba haka ba? To me ya fi karan dawa kafa? Me ya fi ƙaiƙayi sauƙin shan iska? Ya aika wa Bawa ya kawo ƙaiƙayin masussukarsa cike da amalanke. Ya je ruga wajen Yero Bafillace ya roƙi taki. Bututu kuwa, ya bi garejin masu gyaran babur ya kwaso duk tsofaffin salansa da aka yar.

Ranar haƙa majiya ƙarfin unguwa suka fito, saboda ya yi musu alkawarin za a rubuta sunayensu a allo. Shi bai taɓa diga ba. Ya samo hular kwano mai ruwan ɗorawa, ya kafa a ka, ya goya hannu a baya yana zagaye rami. Daga ranar ya hana a kira shi Attahiru, sai Injiniya. Duk saiwar da aka tono sai ya duƙa ya shafa ta, ya ce da ita ta kwantar da hankalinta, mai gida ya zo.

Aka jera kara, aka zuba taki, aka juye ƙaiƙayi. Iska ta ɗebi ƙaiƙayin ta kai wa Fatu har cikin ƙwarya. Masu shan fura suka riƙa kaki suna tofarwa.

"Fatu, hurar yau da gemu taz zaka," in ji wani direba.

"Ga mai gemun can da hular kwano, kai mai ƙara."

Kafin azahar kajin unguwa duk sun sami labari. Suka sauka cikin rami suna tono, awaki suka biyo baya suna jan kara. Injiniya ya bi wannan da sanda, waccan ta shige ta tsakanin ƙafafunsa. Wani bunsuru ya tsinci igiyar awonsa ya fara ci daga wancan bakin, shi yana riƙe da wannan bakin yana karanta wa mutane lamba. Sai da igiya ta ƙare suka haɗa ido.

Duk da haka aka rufe, aka mayar da bulo. Masu aiki suka ce a kawo yashi a share cikin tsagogin bulo kamar yadda aka saba. Attahiru ya ce yashi aikin da ne, sauran ƙaiƙayin nan za a share a ciki, don bulo ma ya sha iska. Salansa kuwa aka bar bakunansu a tsaye, sun leƙo kewaye da itace.

Mutum na farko da ya taka wurin ya tsaya cak. Ya sake takawa. Ƙasa ta lotsa a hankali, ta dawo da shi sama.

"Injiniya, abin ga motsi shi kai."

"Ba motsi na ba, taushi na. Titin katihwa kenan. Ko Sakkwato ba su kai nan ba."

Wallahi kwanakin farko sai da muka fara jin kunyar dariyar da muka yi masa. Dattawa masu ciwon gwiwa suka riƙa zuwa musamman su taka su koma. Yara suka mayar da wurin filin tsalle. Fatu ce kawai ke ƙorafi, don duk wanda ya wuce sai nononta ya yi tangal-tangal a ƙwarya, ta ce in aka ci gaba haka man shanu za ta koma sayarwa ba ta shirya ba. Attahiru kuwa ba a magana. Ya ce akwai mutane daga Turba da suka aiko a yi musu irinsa, ya ce su bi layi.

Ya kuma kafa doka: duk ruwan tsarin da Fatu ta wanke gero, a ɗura shi cikin salansa, saiwa ta sha. Fatu ta ɗura, don ta fi kowa son itacen ya rayu. Ruwa ya sami taki, zafin bazara ya sami ruwa. Wata safiya masu fitowa daga masallaci suka ga salansa suna fitar da tururi a hankali, duka a tare. Warin da ya biyo baya kuwa, ba sai na ɓata wa mai karatu ci ba. Majalisa ta ja tabarmi baya. Mai shagon turare ya rufe ya tafi gida.

Bawa ya toshe hanci da hula ya ce, "Injiniya, baburan da kab binne sun tashi."

"Numhwashi na. Ban ce muku saiwa za ta yi numhwashi ba? Ga shi kun gani da idonku."

"Mun gani, mun kuma ji. Mi tac ci haka?"

Fatu ta ce, "Attahiru, tun sahe mutum biyu sunka sha hura, su ma mura su kai."

"Yaya, haƙuri za ki yi. Duk babban aiki da wari shi ka hwarawa."

Ana cikin haka ruwan farko ya sauka, mai yawa. Wari ya lafa, muka gode wa Allah. Bayan 'yan kwanaki sai ga wani kore-kore yana leƙowa ta tsagogin bulo. Ai ƙaiƙayin masussuka ba ya rasa ƙwaya, kowane ɗan manomi ya san haka, shi ma Attahiru ya sani, hular kwano ce ta rufe masa. Gero ya tsiro layi-layi, a miƙe, a gicciye, ya bi zanen intalok tsaf. Ni dai tunda nake ban taɓa ganin shuka mai kyan layi irin wannan ba. Ga taki a ƙasa, ga danshi, sai ya kama girma kamar ana jan sa.

Attahiru ya kwana biyu bai fito da wuri ba. Da ya fito sai ya ce ado ne, da gangan ya yi, a Maraɗi ma haka suke sa ciyawa a tsakanin bulo.

Washegari da sassafe sai ga Bawa da kalme a kafaɗa. Ya tuɓe riga ya rataye a reshen ceɗiya, ya duƙa ya fara noma.

"Bawa, mi ka ka yi bisa aikina?"

"Noman hwari. Irina na, na gane shi tun daga nesa. Ban iya barin gerona cikin haki."

"Wane haki? Bulo na."

"To bulon ya matse shi." Ya sa kalme ya ɗage guda, ya jingine gefe.

Kafin su gama sai ga Yero ya kunno kai da tumakinsa. Ya tsaya ya dogara sanda a ƙugu, ya duba kore, ya yi murmushi.

"Ashe takina ya yi albarka. Bari bisashe su ɗanɗana."

"Su ɗanɗana mi?" in ji Bawa. "Iri nawa na."

"Iri ba taki ai tsakuwa na. Shanuna sunka yi aikin ga."

"Sai ka jira a yi girbi, ka kwashe kara. Haka a ka yi ko'ina."

"A gona kenan. Wagga hanya ta, kuma hanya ta kowa ta."

Attahiru ya shiga tsakani yana ɗaga hannu. "Ba gona ta ba, ba burtali na ba. Ɗakin saiwa na."

Suka juyo tare suka ce masa ya yi shiru, manya na magana. Tumaki dai ba su jira hukunci ba. Suka bazu suna figar gero, kowace figa ta taho da ƙaiƙayin da ke riƙe da bulo. Da yamma Attahiru ya bi yana mayar da bulo ɗaya-ɗaya yana dannawa da dunduniya, yana waige ko Mai Unguwa na tafe. A ranar kam na ji tausayinsa. Fatu ta miƙa masa fura ba ta ce komai ba, shi ma ya sha bai ce komai ba, abin da ba a taɓa gani ba.

Amma da gari ya waye bakinsa ya dawo. Maimakon ya lallaɓa ya bar maganar ta mutu, sai ya je da kansa ya gayyaci Mai Unguwa bikin buɗewa. Ya gayyato wasu 'yan kasuwa daga Isa, abokan tafiyarsa, ya ce su zo su ga abin da za su roƙe shi nan gaba. Ya yi hayar kujeru, ya aro lasifika. Bawa ya yarda aka rage tsawon geron da lauje, da sharaɗin ba za a taɓa na gindin itace ba.

Ranar bikin aka yi ruwa da hantsi, aka ɗauke. Bayan la'asar wuri ya cika. Aka ajiye wa Mai Unguwa kujera mai hannu a tsakiyar intalok. Ya taka a hankali, yana gwada kowane bulo da sanda, ya zauna. Wurin ya daina lotsawa yanzu, sai wata ƙara yake yi in an taka, irin ta tulun da babu ruwa. Attahiru ya ce alamar ƙwari ce.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, tun daren da aka binne kara da taki, gara ta sami labari ita ma. Ta tare a ɗakin saiwa da 'ya'yanta da jikokinta, ta cinye kara, ta cinye ƙaiƙayi, ta bar bulo a tsaye bisa ikon Allah.

Attahiru ya kama lasifika. Ya gode wa Mai Unguwa, ya gode wa kansa. Ya ce daga yau saiwar Sabon Birni ta fita daga ƙangi. Ya ce in an ga dama a kawo tirela ta hau. Yana cikin bayanin yadda iska ke shiga ta salansa ta gabas ta fita ta yamma, sai wani abu mai fiffike ya fito daga ta gabas ɗin. Wani ya biyo shi. Kafin ya kai ƙarshen magana duk salansa sun ɓalle da shinge, garar nan mai fiffike da ake soyawa a ci, suna tuttuɗowa sama ba ƙaƙƙautawa.

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Shinge!"

Shi kenan biki ya tashi. Wa zai tsaya jin jawabi ga shinge na zuba kyauta, ba fitila ba wahala? Mata suka ruga gida suka dawo da kwanoni da ruwa a ciki. Yara suka tuɓe riguna. Baƙin Isa, da suka zo da manyan kaya, ɗaya ya cire hula ya kafa a bakin salansa. Bawa na ihu a kiyaye masa gero, Yero na cewa shingen ma daga takinsa suka fito. Unguwa duka ta hau kan intalok a lokaci guda.

Attahiru ya ɗaga lasifika ya ce, "Jama'a ku diba, dut nauyin ga ko gezau bai yi ba." Don ya tabbatar, ya yi tsalle ya dira da ƙafa biyu.

Bai tsaya a inda ya dira ba. Ya wuce har ƙirji, hular kwano ta rufe masa ido, lasifika na hannunsa a sama. Daga nan bulo ya fara bin juna. Masu kwanoni suka zube a kan masu hula. Kujerar Mai Unguwa ba ta faɗi ba, sauka ta yi a hankali, shi yana zaune a kai riƙe da sanda, har sai da gwiwoyinsa suka zo daidai da ƙasa, shinge na sauka a kan hularsa. Ba wanda ya ji ciwo, don abin da ke ƙasa laushi ne da shi. Sai dai laushin na takin Yero ne.

Mutum huɗu suka ciro Mai Unguwa da kujerarsa. Ya dubi rigarsa, ya dubi ramin, ya ce a kawo gatari yanzu, ba sai gobe ba.

Dariya ta ɗauke. Attahiru, da ke cikin rami har yanzu, ya ture hula daga ido. Idonsa ya cika da hawaye, ya ɗaga kai yana kallon rassan.

Fatu ta ajiye kwanon shingenta, ta zo ta durƙusa gaban Mai Unguwa.

"Ranka shi daɗe, ka ce in bulo ya motsa a sare. To ya motsa. Amma a tambayi jama'a, wa yam motsa shi? Iccen ga tun da anka hwara haukan ga yana tsaye wuri guda. Bai yi haƙa ba, bai aro salansa ba, bai gayyato mutanen Isa ba."

Wani dattijo ya ce gaskiya ne. Wani ya ce ganyenta ma ya fi na bara yawa. Mai Unguwa ya ɗaga kai ya duba, ya daɗe yana dubawa. Ya cire shinge guda daga gemunsa.

"Abu ukku na nan wurin," in ji shi. "Icce, da bulo, da Attahiru. Na lura ba su zama tare. Bulo ya riga ya tahi, a kwashe shi a cike ramin da ƙasa, ƙasa irin ta Allah. Saura biyu. Fatu, zaɓi guda."

Fatu ko waiwayar ramin ba ta yi ba. "Icce, ranka shi daɗe."

"Yaya," in ji Attahiru daga ƙasa.

"Kai kana da ƙahwa, shi ba shi da."

Hukunci ya zauna a haka: ceɗiya ta tsira, amma duk inda inuwarta ta kai, ƙafar Attahiru ba ta taka wurin. Ya amsa da kansa, tun ba a ciro shi ba.

Yanzu in ka bi ta bayan tasha da rana za ka ga majalisa cike a inuwa, Fatu na dama fura a kan ƙasa mai sanyi. Can bakin inuwar, cikin rana tsaka, za ka ga mutum tsaye da gumi yana bayani da hannu biyu, yana ɗaga murya don na tabarma su ji. Cewa yake dama dabararsa kenan tun farko, ya san in bai rusa intalok ba ba za a bar itacen ba. Ba mai musa masa. Sai dai in rana ta karkata inuwa ta miƙo, Bawa ya leƙa ƙasa ya ce, "Injiniya, ta taɓa ɗan yatsanka."

Sai ya ja da baya taki ɗaya, ya ɗaga kai ya dubi itacen ubansa, ya ci gaba daga inda ya tsaya.